Taga Ta Huɗu

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina shagon nan na Tumfure:
tebur ɗaya, benci biyu, fanka mai tari,
taswirar fegi a bango, gara ta ci mata kusurwa.
Ni ba banki ba ne.
Littafi ne kawai, da alƙawari:
ƙarshen wata ka kawo abin da ya samu,
in rubuta, ka sa hannu, mu shafa fatiha.
Da haka Jungudo direban tifa ya rabu da gidan haya.
Da haka Malama Saratu Yila mai koyar da lissafi
ta kai ɗaki biyu har linta.

Bara aka wayi gari,
takardar mai unguwa ba takarda ba ce.
Muka ce to.
Na zuba fayil talatin da bakwai a buhun shinkafa,
na tari Keke zuwa ofishin filaye.
Taga ta ɗaya ta tura ni ta biyu.
Ta biyu ta ce fom ya canza tun Litinin,
shuɗi ne yanzu, kore ya mutu.
Na sayi shuɗi, na cike, na liƙa hoto.
Kafin tawada ta bushe
wata sanarwa ta hau kan sanarwar jiya,
da ƙusa ɗaya aka kafe su.

Ban ce doka ba ta da hujja ba.
Na san Barde, wanda ya sayar da fili ɗaya ga mutum uku,
ya tsallake da babur cikin dare,
ya bar su suna auna juna da gora.
Na ga gidan da aka dasa a bakin kwari,
damina ɗaya ta kwashe shi har da tukwane.
A yi doka, wallahi a yi.
Sai dai ramin da aka haƙa wa kura,
kura ta san hanya.
Awaki ke karyewa a ciki.

Taga ta uku ta ce:
mai ba da gida bashi sai ya ajiye jari a asusu.
Ta faɗi adadin.
Na ce ta sake faɗa.
Ko na sayar da shagon, da fankar, da gonar gado ta Kwadon,
ban kai ga sifili na ƙarshe ba.
Ina tsaye wani ya shigo da lauya da turare,
kamfaninsu na da bene da gilashi,
ba su ko zauna ba aka buga musu hatimi.

Jiya Malama Saratu ta zo.
Albashi ya shiga, ta ware nata kason
a ambulan ɗin da ta saba, ta naɗe shi biyu.
Na ce, Malama, an hana ni karɓa
sai sabon lasisi ya fito.
Ta dube ni yadda take duban ɗalibin
da ya iya lissafi amma ya bar takarda fara.
Ta ce, to ina zan kai?
Siminti ba ya jiran lasisi, Malam Bappayo,
kullum ƙara kuɗi yake.

Ban amsa ba.
Da yamma na bi ta filinta.
Tafasa ta fito a tsakar ɗakin da babu rufi,
ta kai gwiwa.
Ƙadangare na shan rana inda ta ce za ta sa gado.

Gobe zan koma.
An ce maganata tana taga ta huɗu,
jami'in ya tafi kwas, amma ana sa ran dawowarsa.
Na gyara buhun, na ɗinke inda ya yage.
Biro biyu zan riƙe,
shuɗi da baƙi,
don ban san launin da za a wayi gari da shi ba.