Kuɗin Ɗinki

Wando biyar na ɗinka musu a Ƙofar Guga,
ƙugu a matse, ƙafa kamar bakin lema,
yadi ruwan goro mai ɗaukar ido.
Bawale ya ce, "Tela, in faifai ya fito ma biya."
Na ce to. Lokacin bashi bai fara ba ni tsoro ba.

Jatau ke riƙe da jita,
ya taka wani ƙarfe, ta yi kukan mage a cikin tulu.
Nomau na jan mai kaurin murya,
wadda hanji ke ji kafin kunne.
Ilu na ganguna. Na biyar ɗin ya ɓace mini.
Dattawan unguwa suka ce
aljanu ne suka samu lantarki.

Da kuɗin tumakin gyatumar Ilu suka tafi Ikko.
Suka dawo a rame, suma ta yi tozo,
faifai ɗari biyu a kwalin sabulu.
Katsina ta sayi tara.
Nawa, a bakin bashi aka miƙo shi.

Ga su a bango, launi na narkewa a kansu,
ga wandunana, babu sunana.
Ba ni da garmaho.
Na jingine shi bayan keke, shekara arba'in da bakwai.
Hanyar Funtuwa ta ci Jatau da tirelarsa,
Bawale ya shiga Maraɗi, shiru,
Nomau na auna baƙin mai a tasha,
Ilu ne ladaninmu.

Jiya jikata Barira ta aro na'ura.
Na ga abin da ke karanta faifan:
allura ce, 'yar uwar tawa,
tana bin layi, ba zare.

Ƙasa-ƙasa, sai ƙara, sai ɗakin ya karkace,
murya na kiran murya daga gindin rijiya,
sannan ganga ta shigo.
Taka-taka-tak. Tsaya. Taka-tak.
Ƙafata ta fara taka iska.
Ashe kekena ne!
Har gargadar da yake yi in ya hau kalmasa.
Shi ya sa Ilu ke wuni a bencina yana bugun gwiwa.

Bayan la'asar na tare shi yana neman takalmi.
Na ce, "Malam, ka sace mini tafiyar keke."
Ya dube ni, ya dubi liman,
ya ce a hankali, "Ka ji na uku?
Har almakashinka na ciki."

Na dawo na buɗe tsohon littafin bashi.
Ban soke ba.
Na ƙara musu kuɗin ganga.