Tsanin Layinmu

Shekarar da aka haife ni Baba ya sayi tsani,
na alminiyan, mai taka goma sha biyu.
Ya ɗaure shi a saman motar haya
tun daga tsakiyar Santiago har Puente Alto,
inda birni ke gajiya, duwatsu su karɓa,
inda gidaje suka yi kama da juna
kamar 'ya'yan mace ɗaya.

Kwana uku tsanin ya yi a gidanmu.
A na huɗu Don Nibaldo ya ƙwanƙwasa ƙofa,
rufinsa na yoyo, ruwan watan Yuni ya kawo kai.
Daga can ya haura gidan Hortensia
da kyanwarta ta maƙale a reshen lemo,
daga nan ya tsallaka titi,
bai ƙara kwana biyu a wuri ɗaya ba.

Mama takan ce, "Eleuterio, kai da guminka,
sai ka bi gida gida kana aron abinka?"
Shi kuwa ya kurɓi shayinsa, ya ce,
"Tsanin da ke kwance a ɗaki tarkace ne, Ximena.
Bar shi ya san mutane."

Daren da ƙasa ta girgiza, ina shekara tara,
muka fito titi da kayan barci, babu takalmi.
Matakalar gidan su Baldomero ta rufta,
kakarsu na sama tana kiran sunan mijinta
da ya rasu tun kafin a zuba wa layin kwalta.
Ban ga wanda ya kawo tsanin ba.
Na dai ga hannaye shida riƙe da ƙafafunsa,
tsohuwa tana saukowa da baya,
tana faɗa don an ga ƙwaurinta.

Na girma, na koma hawa na goma sha huɗu
a cikin birni, inda na'ura ke ɗaga mutum sama.
Shekara bakwai, maƙwabcina tari kawai na sani,
da ƙarar makullinsa.

Baba ya rasu cikin sanyi,
ƙanƙara ta yi wa duwatsun farin mayafi.
Ƙanena Amaro ya ɗauko biro da takarda:
firji, tebur, agogon bango, keken ɗinki.
Ya ɗago kai. "Tsani fa?"

Na fita nema.
Gida na farko aka ce shekaranjiya ya bar nan,
aka zaunar da ni, shayi da burodi da fiya.
Gida na biyu ma shayi.
Hortensia ta kurumce, amma ta riƙe hannuna
ta ba ni labarin kyanwar har sau biyu.
Kafin in kai ƙarshen layi cikina ya cika,
idona ma haka.

A lamba arba'in da ɗaya na same shi,
jingine da bangon wasu baƙi daga Haiti.
Maigidan, Wilner, bai taɓa jin sunan Baba ba.
Ya ce, "Ai na layi ne.
Ranar da muka tare aka kawo mana shi, ba mu roƙa ba.
Ke ce ta gaba?"

Na duba jikinsa:
ɗigon shuɗin fentin gidan Nibaldo,
rawayan gidanmu na da,
wani kore da ban san na wa ba,
taka ta bakwai an ɗaure ta da waya.

Na ce a'a, wucewa nake.
Sai ga 'yarsa da gudu, ƙwallonta ta faɗa kan rufi.
Ta fara hawa ba ta waiwayo ba,
ta san dai wani zai riƙe.

Na ajiye jakata a ƙasa,
na kama ƙafafun tsanin da hannu biyu.