Laimlait

Shekara talatin da biyu ina dafa wake da shinkafa a Aboabo,
gindin katangar nan mai kallon kwata.
Asuba ta san ni, karan dafi ya san hannuna.
Ban da su, sai masu cin bashi.

Ran Talata wata yarinya mai dogon farce ta zo,
ta ci na sidi goma, ta zuba shito har ta yi hawaye,
ta ɗaga waya ta ɗauke ni ina korar akuya da ludayi.
Ko ɗankwali ban gyara ba.

Kafin Juma'a layi ya kai rumfar mai faci.
Daga Bantama, daga Kejetiya, har da masu kwat,
kowa waya a gaba, kwano a baya.
Jikana Fuseini ya faɗo gida yana haki:
"Kaka, kin shiga laimlait!"
Na ce wace mota ce, ina ta nufa,
nawa ne kuɗin kujera?

Ya ce Turanci ne: laim lemun tsami, lait fitila.
Na ce yaro, na matse lemun da ya fi kwanakinka yawa,
ban ga ya haska komai ba,
ido dai yake sa wa ruwa.

Da la'asar Malam Tanimu ya iso, tsohon tica,
ƙamusunsa ba bango, bakinsa ba haƙora.
Ya zauna a bencina, ya lashi yatsa, ya buɗe.
Ya ce yaron ya yi kusa, bai dai kai ba.
Ba lemu ba ne, farar ƙasa ce.
A gidajen wasan Turawan da, kafin lantarki,
wuta ake hura wa dunƙulenta har ya yi fari fat,
a karkata hasken kan mutum guda.
Shi kaɗai ake gani, saura duk duhu.
An daina ƙona ƙasar, kalmar ta yi zamanta:
duk wanda idon jama'a ya sauka a kansa, an ce ya shiga.

Na ce Malam, shi na tsakiyar yana ganin masu kallonsa?
Ya ce ina! Haske ya cika masa ido.
Na ce ita farar ƙasar fa?
Ya rufe littafi. Ya ce a hankali take cinyewa.
Sannan ya nemi ƙarin taliya.

Mako uku na yi a ciki.
Mai haraji ya gano hanyar rumfata.
Dangin da ban taɓa ji ba suka sauka daga Bawku da jakunkuna.
Maman Akosuwa mai kenke ta rage gaisuwa,
aka ce wai wani abu nake binnewa a murhu.
Duk wannan bai taɓa ni ba
kamar ran da na hango Sule mai tura baro,
shekara tara yana cin nawa, biya sai ƙarshen wata,
tsaye can bayan masu turare.
Ya duba rigarsa, ya duba layi, ya juya.
Na buɗe baki in kira shi,
wani ya ce, "Mama, kalli nan, yi dariya!"

Yanzu an ce wani ne a Asawase,
yana soya doya yana rawa.
Allah ya ba shi ƙafa.

Jiya da asuba suka ɗauke wuta, unguwa ta yi tsit.
Na kunna tsohuwar fitilata mai fasasshen ƙwai,
wadda haskenta bai wuce tukunya da mutum ɗaya.
Na ji ƙarar baro, taya ɗaya tana kuka.
Bai ce komai ba, ni ma haka.
Na zuba masa har da ƙwai.
Na ga furfurar da ta fito masa a gemu,
na ga ya rame.

Fuseini ya ce, "Kaka, kin fita."
Na ce miƙo mini kanwa.