Rodi Huɗu

A bayan birnin Lima, inda kwalta ta ƙare,
tudu ya miƙe tsaye, ba ciyawa, ba inuwa.
Nan Teodosia ta iso cikin dare
da tabarmar kara huɗu a ka,
da yaro a goye.
Kafin gari ya waye tabarmi sun zama bango.
'Yan sanda suka zo suka rushe.
Ta sake kafawa. Suka sake rushewa.
A karo na uku su ne suka gaji.

Sau ɗaya ta taɓa shiga banki, da takalmin aro.
Mai kwat ya nemi takardar albashi.
Ta buɗe masa tafin hannu,
duk kanta da tabon ƙuna.
Ya ce ba irin wannan ba.

To, sai ta koma saye da ɗai-ɗai.
Ranar da dafaffiyar masara ta ƙare da wuri,
bulo biyar.
Ranar da kasuwa ta yi gardama,
bulo ɗaya, ko babu.
Matakala ɗari uku da sha biyu take hawa da su,
takan huta a ta casa'in
inda wani yaro ya rubuta sunan budurwarsa.

Ruwa kuwa sai tanka ta ga dama.
Ganga guda a kan tudu
ta fi tsadar abin da masu lambun fure ke biya a ƙasa.
Ruwan da ya wanke shinkafa
shi ke wanke kwano,
shi ke kwaɓa siminti.
Shi ya sa take cewa bangonta ba ya kwana da yunwa.

Fortunato bai ga rufi ba.
Tari ya tafi da shi ana saura taga biyu.
Maƙwabta ne suka fito ran Lahadi,
bokiti na bin bokiti, hannu zuwa hannu,
har fitilun birni suka kama a ƙasa.
Ladansu romon kaza da dankali.

Shekara ashirin da uku, sannan takarda ta zo:
hatimi, sa hannu, lambar fili,
da sunanta, an ci harafi ɗaya.
Jikarta Marleni ce ta gano.
Tsohuwa ta ce a bar shi haka,
abin da ya koma ofis ba ya sanin hanyar gida.
Ta naɗe ta a leda biyu,
ta tura ƙarƙashin katifa, wajen kai.

In hazon teku ya hau tudu da safe
za ka ga rodi huɗu tsaye a kan rufinta,
sun fara tsatsa,
ta kifa wa kowanne kwalbar roba.
Baƙo zai ce gini ya tsaya.
Ita ta ce ɗakin Marleni ne,
har ta san inda tagar za ta kalla.

Kafin nan dai
shanya ce ke zaune a ciki,
kuma ba ta biyan haya.