Darasin Daren Talata

Ruwa na dukan tagar laburare a Swansea,
su takwas ne, rigunan sanyinsu na ɗiga a bayan kujeru.
Na ce yau darasinmu buri ne da nadama.
Turanci harshe ne mai kunya,
ba ya faɗin abin da yake so kai tsaye.
In abin yau kake marmari, ja aikatau baya taku ɗaya,
kamar ka riga ka rasa shi.
In kuwa jiya ce ke ci maka tuwo a ƙwarya,
ja shi taku biyu,
ka ajiye shi can bayan jiya, inda hannu ba ya kaiwa.

Tesfalem ya ɗaga hannu.
Shi ke wanke bas-bas tun ƙarfe huɗu na asuba,
sabulu ya tsattsaga masa yatsu.
Ya ce, Malama Pryce, don me zan roƙi gobe da bakin jiya?
Ɗaki nake so mai taga biyu, ban rasa shi ba tukuna.
Na ce haka ƙa'idar take.
Ya ce wannan ƙa'ida ta cika saurin fid da rai.
Aji ya kwashe da dariya,
har Mirela, wadda tun Satumba ban ga haƙorinta ba.

Na raba takardu, cike gurbi, jimla goma.
Misalan littafi ba su da nauyi:
wani ya makara jirgin ƙasa ya tashi,
wata ta manta lema a gida.
Irin nadamar da ake sawa a aljihu
a tafi sayen burodi.

Nizar bai bi misali ba.
A layi na bakwai, da bironsa mai yoyo, ya rubuta:
ina ma na ciro hoton mahaifiyata daga bango
daren da muka fita.
Taku ɗaya kawai ya ja. Kuskure ne.
Na tsaya a kansa, jan biro a hannuna.
Taku ɗaya na nufin bangon na nan tsaye,
ƙusa na riƙe da hoton,
ƙofa a buɗe, ana iya komawa.
Ni ce zan ƙara masa kalma guda in ja ƙofar?

Na ƙara.
Jarrabawa na nan tafe a watan Yuni,
masu duba ta ba su san Halab ba.
Ya kalli jan rubutun, ya daɗe.
Yanzu daidai ne?
Na ce daidai ne.
Ya ce to, ya ninke takardar gida huɗu
kamar yadda yake ninke ƙullun fulawa a gidan burodi.

Ƙarfe tara suka watse.
Na goge allo, na jera kujeru, na kashe fitila.
Shekara talatin da ɗaya ina koyar da wannan babi,
ko sau ɗaya ban taɓa kuskure a cikinsa ba.
Da-na-sani ƙeya ce, a baya take,
ni kuwa na san sunan kowane ƙashi a ƙeyar.

Ƙanena Emrys ya kira ni sau uku wata Alhamis.
Ina makin takardu, na kifa wayar a kan tebur,
na ce sai Lahadi.
Lahadi ta zo, ta same mu a asibiti muna sa hannu.

A mota ban tayar da inji ba.
Ruwa na gangarowa a gilashi layi-layi,
fitilun tashar jiragen ruwa na narkewa a ciki.
Na buɗe baki na faɗi jimlata da ƙarfi,
ba ɗalibi, ba mai duba takarda,
na ja aikatau taku ɗaya tak, irin na Nizar,
na bar shi a haka, ban gyara ba,
kamar wayar na ƙara har yanzu
a ƙarƙashin tarin takardu.