Mai Karanta Sanda a Kusuri

Ni ke karanta sanda.
Shekara tara ke nan, da an sallame asuba
sai in gangara bakin Logon,
in durƙusa inda ƙarfen awo ke tsaye cikin laka,
in ga inda ruwa ya kwana.
Jiya ya taɓa jan layi. Yau ya janye da yatsa biyu.

Sai in kira Jimet a ƙetare.
Ina hango farar rigarsa daga nan,
in na ɗaga murya ma zai ji,
amma waya kan ci mini kuɗin ƙasar waje.
Ya gaishe ni da Larabci, in amsa da Hausa,
lambobi mu faɗe su da Faransanci.
Kogin bai taɓa tambayar mu takarda ba.

Bana aka tara mu a ajin makaranta,
manya a kan bencin yara, gwiwa na dukan haɓa.
Masunta sun hauro daga Bulangwa,
matan lambun Waliya sun tsallako gada da ƙafa,
'yan shinkafar Yagwa, da Arɗo Hamajam
wanda ya ƙi zama, ya ce shanunsa ma a tsaye suke.
Kowace ƙungiya da hatiminta,
kowace da wanda take zargi.
Na sama ya tare ruwa. Na ƙasa ya haƙa hanyar kifi.
Ku ne. A'a, ku ne.
Har tafinta ya gaji, ya fita shan shayi.

Iya Falmata ba ta cikin jerin masu magana.
Ta kwance bakin zane a kan teburin malami,
ta zube abin da ta sayo a kasuwa da safe:
'ya'yan giwan ruwa, ba su kai farce ba,
kamun gidan sauro.
Ta ce, a ware mini na Chadi da na Kamaru,
in san wanda zan yi wa kuka.

Ba wanda ya miƙa hannu.
Ƙuda ne kaɗai ya matso.

Da la'asar muka dangwala yatsa.
Wata uku taru zai huta, gaɓa biyu, rana ɗaya,
don a da in nan ta hana, can ake kwana da koma.
Arɗo ya samu mashaya, faɗin igiya goma,
matan Waliya suka ce tara, aka tsaya a tara.
Mai motocin yashi bai zo ba,
ya aiko da katan ɗin lemo.
Mun sha. Ba mu yafe ba.

Ban cika yarda da takarda ba.
Na ga wadda gara ta cinye a ofis
tun tawadarta ba ta bushe ba.

Amma daren ashirin ga watan tara,
ƙarfe biyu, waya ta yi ƙara.
Jimet ne, ko sallama babu.
Mutumin Bongor ya kira na Katawa,
na Katawa ya kira shi:
ruwa na tafe, kuma ba da wasa ba.
Na fita ba takalmi, ina dukan ƙofofi.
Kafin ya iso mun cika buhu ɗari uku da ƙasa.
Ya ci katangar Alifa Maruf, ya tafi da awaki shida.
Yara kuwa, da muka ƙirga, sun cika.

Yau ma na gangara.
Leda ta naɗe ƙafar sanda, na cire ta.
Wata ƙawara ta yi tsalle kusa da gwiwata,
tsawon tafin hannu, ko ta ɗan fi.
Na rubuta lambar ruwa a littafi.
Ita babu gurbinta a takardar,
sai na faɗa wa Jimet da baki.