Darasin Ƙetaren Kogi

Na sauko daga duwatsun Mokolo
da Littafi ɗaya da harshe biyu,
ina ganin sun ishe ni.
Shekara uku a jami'a, a Marwa,
na haddace hanyoyin da Bulus ya bi,
na iya Helenanci daidai na cefane.

Ran nan Malam Danra ya ajiye alli.
Ya ce: "Ku ƙetare Mayo Kaliyawo,
kowa ya nemi ƙofar da ba ta san sunansa ba.
Kada ku yi wa'azi. Ku yi gaisuwa."

Na taka yashi, takalmi a hannu,
na faɗa majema.
Wari ya mare ni kafin in yi sallama.
Bappa Hamajoda,
yatsunsa sun rine da ruwan bagaruwa,
ya ji Fillancina mai ɗingishi,
ya yi dariya har da tari.
Sau huɗu yana gyara mini "jam na",
sannan ya turo kofin shayi.

Wata bakwai ina zuwa,
jakata a rufe.

Daren da babur ya kayar da autansa a Domayo
ni ya aika a taso.
Na riƙe ledar ƙarin ruwa har asuba,
shi yana jan carbi, ni leɓena na motsi,
ba wanda ya ce da wani: wa kake kira?
Da sanyi ya sauko
ya yafa mini bargonsa.

Na makara aji.
Malam Danra ya matso, ya ja hanci.
"Warin fata kake.
Zauna. Yau ka fara karatu."